Makomar Ciri a The Witcher 3: nazarin zaɓi biyar da mai wasa ke yi bai san nauyinsu ba

A ƙarshen The Witcher 3: Wild Hunt, wasan da kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar ranar 19 ga Mayun 2015, akwai wurin da linzami ke kuɓuce wa mai wasa gaba ɗaya. Geralt, maharbin dodanni, jarumin da ake sarrafawa tun farkon labari, ya gama da Eredin, sarkin rundunar Wild Hunt, ya hau hasumiyar da ke tsibirin Undvik, ya iske Ciri, 'yar riƙonsa, tana shirin shiga ƙofar tsafi don ta tari Farin Sanyi, annobar ƙanƙarar da ke cinye duniyoyi ɗaya bayan ɗaya. Wasan zai jero maka abin da za ka iya ce mata. Kana iya roƙonta ta fasa, kana iya yi mata fatan alheri. Duk wanda ka danna, shiga za ta yi. Ko za ta fito da rai ko ba za ta fito ba, an riga an yanke wannan tun sa'o'i da dama a baya, a wasu 'yan wurare da galibin masu wasa suka ɗauka hira ce kawai.

Wannan tsari ne za mu warware a nan, domin yana cikin ƙoƙarin da ya fi fitowa fili wajen amsa wata tsohuwar matsala ta wasannin da mutum ke shiga rigar jarumi. Mai wasa yana son a ce maganarsa ce ke juya labari. Marubuci kuma yana son mutanen labarinsa su zama masu ra'ayin kansu. Idan aka bar wa mai wasa komai, kowa a labarin ya koma ɗan amshin shata. Idan aka hana shi komai, ya zama ɗan kallo da na'ura a hannu.

Yadda aka shimfiɗa lamarin

Ciri 'yar riƙon Geralt ce. Mahaifinta na jini shi ne Emhyr var Emreis, sarkin daular Nilfgaard, wanda ya ɗauki Geralt aikin nemo ta a farkon wasan. Tana ɗauke da jinin kakar kakanninta Lara Dorren, wanda ke ba ta ikon ratsa duniyoyi, kuma saboda wannan jinin kowa ke son ya mallake ta: mahaifinta yana son magajiya, ƙungiyar matsafa mata tana son ta a hannunta, rundunar Wild Hunt tana farautarta, malaminta Avallac'h yana da nasa lissafin. Kusan kashi biyu cikin uku na labarin a nemanta yake ƙarewa. A tsakani kuma wasan yakan miƙa maka ita ka sarrafa na ɗan lokaci, ka ga abin da ya same ta da idonta. Wannan ba ado ba ne. Kafin a zo wurin gwaji an riga an sa ka san ta daga ciki, kuma an cusa maka tsoron sake rasa ta.

Gwajin yana farawa ne bayan yaƙin Kaer Morhen, ganuwar maharba dodanni, inda tsoho Vesemir, malamin Geralt, ya rasa ransa wajen kare ta. Daga nan injin wasan yana ajiye alama a wurare biyar, kowanne ko dai ya ƙara mata ƙarfin gwiwa ko ya rage. Babu lamba a allo, babu wata ƙara ko rubutu da ke cewa an ƙirga maka wani abu. Wasu daga cikin zaɓin ma da ma'aunin lokaci suke zuwa, sandar tana ƙanƙancewa kana karantawa.

Na farko yana zuwa ne tana cikin baƙin cikin Vesemir, horon da Avallac'h ke ba ta kuma ya ƙi tafiya. Layi ɗaya yana cewa ta kwantar da hankalinta, ba dole ne ta ƙware a komai ba. Ɗayan yana cewa Geralt ya san abin da zai faranta mata rai. Na biyun yana kai su farfajiyar ganuwa su yi ta jifan juna da dunƙulen ƙanƙara, tana ɓacewa tana ɓullowa a bayansa tana dariya. Na farkon yana kai su teburin giya, ta sha ba ta ce komai ba, ta tashi da nauyin da ta zauna da shi. Jifan ƙanƙara alama ce mai kyau, giya mara kyau.

Na biyu yana da hawa biyu. Ciri ta tashe shi tana son su tafi Velen su kashe Imlerith, wanda ya kashe Vesemir. Geralt na iya cewa su wuce kai tsaye, ko ya ce sai sun fara biyawa ta Vizima wurin Emhyr. Biyawar kanta ba a ƙirga ta. Abin da ake ƙirgawa shi ne ladan da sarki zai miƙa. Idan Geralt ya karɓa, a gaban idonta za a ƙirga masa kuɗin, ta tsaya tana kallon yadda aka yi mata farashi. Idan ya ƙi, alama mai kyau ce, kuma Emhyr ya ba shi doki a madadin. Wanda bai je Vizima ba, zaɓinsa huɗu ne maimakon biyar.

Na uku a Novigrad yake. Philippa Eilhart da Margarita Laux-Antille, manyan ƙungiyar matsafa, sun nemi ganin Ciri. Ka raka ta, ko ka ce za ta iya ita kaɗai. Rakiya alama ce mara kyau, domin da zarar an shiga Geralt ke karɓe maganar. Idan ta shiga ita kaɗai, shi da matsafiya Yennefer, uwar riƙon Ciri, a bakin ƙofa suke tsayawa suna kasa kunne, ita kuma ta fito ta faɗi yadda ta kaya.

Na huɗu a ɓoyayyen ɗakin binciken Avallac'h yake, a tsibiran Skellige. A nan ta ga jadawalin zuriyar Lara Dorren da ya daɗe yana bibiya, ta kuma ji daga bakin wata mace 'yar jinsinsa na elf cewa ƙyamarta yake yi, buƙata ce kawai ta haɗa su. Ranta ya ɓaci, ta ce ji take kamar ta ragargaza wurin. Ka ce ta yi, ko ka ce ta huce. Idan ka ce ta yi, tare za su kifar da tebura su farfasa kwalabe. Idan ka ce ta huce, Geralt zai ɗauki abin wuyan Lara Dorren ya rataya mata.

Na biyar yana biyo baya nan take. Skjall saurayi ne daga ƙauyen Lofoten a tsibirin Hindarsfjall wanda ya taimaka mata ta tsere wa Wild Hunt. Mutanen garinsa sun ɗauka gudu ya yi daga fagen fama, suka soke sunansa suka riƙa kiransa matsoraci, ya mutu wajen neman wanke kansa. Ciri ta ce tana son ziyartar kabarinsa. Ka ce za ka raka ta, ko ka ce babu lokaci. Idan an je, za a tarar ko kabari ba a yi masa ba, a rami aka jefa gawar, su biyun ne za su binne shi, ta kuma fuskanci mutanen garin ta faɗa musu abin da ya yi.

Lissafin da ke ƙarƙashi

Ƙa'idar gajeriya ce: alama mara kyau uku, Ciri ba ta dawowa. Wanda ya je Vizima yana buƙatar masu kyau uku cikin biyar, wanda bai je ba biyu cikin huɗu sun ishe shi. Dukkansu nauyinsu ɗaya. Da mutum zai riƙa dannawa da ka, zaɓi biyar suna ba da hanyoyi 32, kuma 16 daga ciki suna ƙarewa da rashinta. Zaɓi huɗu suna ba da hanyoyi 16, biyar ne kawai ke ƙarewa haka. Akwai wani abu da ke fitowa daga wannan lissafi wanda ba kowa ke lura da shi ba: ta fuskar rayuwarta, zuwa wurin Emhyr ba ya taɓa taimakawa. Ƙin karɓar kuɗi yana mayar da kai daidai inda wanda bai je ba yake, karɓa kuma yana cinye ɗaya daga cikin kurakurai biyun da aka yafe maka. Amfanin tafiyar ɗaya ne, tana buɗe hanyar sarauta.

Idan ta rayu, labarin ya rabu biyu. Za ta zama maharbiyar dodanni, Geralt ya je ya gaya wa Emhyr cewa ta mutu, sannan ya kai mata takobin azurfa a masaukin White Orchard. Ko kuma ta karɓi gadon sarautar Nilfgaard, wanda ke buƙatar abu uku a haɗe: ta rayu, ta ga mahaifinta, Nilfgaard kuma ta ci yaƙin da take yi da masarautun arewa. Idan ba ta dawo ba, Geralt yana komawa fadamar Velen ya kashe ta ƙarshe cikin mayu ukun da ke mulkin fadamar, ya karɓo lambar wuyan Vesemir da ta ƙwace daga Ciri, ya zauna a bukka ya dafe kai, dodanni suna taruwa a waje.

Ta fuskar aiki, tsarin yana da arha ƙwarai. Gangar jikin labarin ɗaya ce ga kowa. Abin da ke canzawa gajerun fitowa ne guda biyu-biyu a kowane wuri, sai rufewa uku da ake bugawa a ƙarshe. Ba a gina garuruwa daban ko yaƙe-yaƙe daban don kowace hanya ba. Duk mai rubuta irin wannan wasa da ƙaramin kasafi ya kamata ya dubi wannan da kyau.

Abin da tsarin ya dace da shi

Babban abin da aka yi daidai shi ne sauya tambayar. Ba a tambayi mai wasa ko Ciri ta rayu ko ta mutu ba, domin babu wanda zai zaɓi mutuwarta, kuma tambayar da amsarta ɗaya ce ba zaɓi ba ce. An tambaye shi wane irin uba ne shi a ranar da babu abin da ke ci da wuta. Sannan aka bar wa Ciri babban hukuncin. Ita ta yanke za ta shiga ƙofar, ita ta yanke za ta karɓi sarauta idan hanyar ta buɗe, kuma a wannan rufewar Geralt bai ma sani ba sai da sojojin Nilfgaard suka iso White Orchard ɗaukarta. Ikon mai wasa ya tsaya a kan abin da ta tafi da shi a zuciya.

Wasan yana nuna hakan a fili. Tana kutsawa cikin guguwar ƙanƙara, sai a riƙa haska mata waɗancan lokuta: dariyar farfajiya ko shirun teburin giya, kuɗin da aka ƙirga ko aka ƙi, kabarin da aka haƙa ko aka ce babu lokacinsa. Wannan shi ne kaɗai bayanin da ake yi wa mai wasa, kuma ya wadatar. A cikin daƙiƙu kaɗan mutum yana gane abin da aka daɗe ana aunawa.

Ɓoye ma'aunin ma yana da hujja. A Dragon Age: Origins na kamfanin BioWare, wanda ya fito a 2009, duk maganar da ta yi wa abokin tafiya daɗi ko ta ɓata masa rai, lamba ce ke fitowa a allo, har kyauta ana iya saya a cike gurbin da aka ɓata. Sakamakon shi ne mai wasa yana koyon faɗin abin da zai ɗaga lamba, ko da ba shi ne ra'ayinsa ba. Da an sa wa Ciri irin wannan sandar, kowa zai sake loda ajiyarsa da zarar ya ga ta ragu, gwajin ya tashi a banza. Jinkirin sakamakon shi ma da gangan ne. Kafin a ga ƙarshe, ajiyar da wasan ke yi da kansa ta daɗe da shafe waɗancan wurare, sai wanda ya yi tasa ajiyar da hannu ne zai iya komawa ba tare da maimaita sa'o'i masu yawa ba.

Kuma akwai zare ɗaya da ya ratsa dukkan biyar ɗin. Duk wanda ke kewaye da Ciri yana kallonta a matsayin jini, ko gado, ko makami. Alamomi marasa kyau su ne inda Geralt ya shiga sahun waɗannan mutane: ya karɓi farashinta, ya yi magana a madadinta, ya rataya mata tunin zuriyar da ta gaji da ji, ya fifita shirin yaƙi a kan mamacin da take jin nauyinsa. Zaɓin kuɗi da na kabari ba su da aibi ko kaɗan a wannan ma'auni. Duk wanda ya karɓi kuɗin ya san abin da ya yi.

Inda ya tsage

Matsalar tana cikin sauran ukun, kuma mafi yawanta daga abu ɗaya take: gajeren layin da ake nuna wa mai wasa ba shi ne abin da Geralt zai aikata ba. Wanda ya danna cewa ba dole ne ta ƙware a komai ba, lallashi ya zaɓa. Magana ce da uba nagari zai iya gaya wa 'yar da ke dukan kanta da laifi. Babu inda aka ambaci giya. Wanda ya ce ta huce a ɗakin bincike bai zaɓi abin wuyan Lara Dorren ba, bai ma san yana wurin ba. Marubuta ne suka ɗauki niyya mai kyau suka aiwatar da ita ta mummunar hanya, sannan suka rubuta laifin a sunan mai wasa. Idan za a hukunta mutum a kan abu bayan sa'o'i, wajibi ne ya kasance abin da ya gani ya zaɓa. Gyaran kuma ba shi da tsada. Da layin ya ce su je su sha wani abu, ko ya ce ya ba ta abin wuyan, da ma'aunin yana nan a ɓoye, zaɓin kuma ya zama na gaskiya.

Zaɓin ƙungiyar matsafa matsalarsa daban ce, kuma ita ta fi zurfi. Wanda ya buga The Witcher 2 na 2011 ya san wannan ƙungiya tana da hannu a kisan sarki, ya san Philippa ba ta taɓa yin abu don Allah ba. Wasan da kansa ya kwashe sa'o'i yana koya maka kada ka yarda da ita. Sai ga shi ranar da ka yi aiki da darasin an rubuta maka kuskure. Ana iya kare marubutan da cewa ainihin gwajin ke nan, ka yarda da Ciri ko da ba ka yarda da waɗanda za ta gana da su ba, kuma wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma babu hanya ta uku, wato ka shiga ka yi shiru, ko ka tambaye ta abin da take so. A wasan da ke magana a kan barin 'ya ta yanke wa kanta hukunci, rashin layin da ke cewa "me kike so?" babban giɓi ne.

Daidaita nauyin alamomin shi ma yana haifar da sakamako mai wuyar karɓa. Mutum na iya sayar da ita a gaban mahaifinta, ya hana ta kabarin Skjall, ta rayu lafiya saboda ya yi jifan ƙanƙara, ya bar ta ta shiga taro, ya fasa kwalabe. Wani kuma ya ƙi kuɗin, ya haƙa kabarin da hannunsa, amma ya rasa ta saboda ya lallashe ta sau biyu ya raka ta sau ɗaya. Na biyun uba ne mai yawan tsoro, na farkon kuwa ya ci amana, lissafin bai bambance su ba. Da an ba kuɗi da kabari maki biyu-biyu, ko an ƙara yawan wuraren da ake aunawa zuwa takwas ko goma, da kuskuren fahimta guda ɗaya bai yi wannan nauyin ba. Samfuri biyar sun yi kaɗan a auna halin mutum da su, musamman idan biyu daga ciki rubutunsu na ruɗarwa.

Hanyar sarauta tana da nata tarkon. Nilfgaard ba ta cin yaƙi sai an kashe sarki Radovid na Redania, sannan Geralt ya tsaya wa kwamanda Vernon Roche da mutanensa a kan Dijkstra, tsohon shugaban leƙen asirin Redania. Aikin kisan kuma ba ya buɗewa sai an kammala wasu ayyukan gefe tun da wuri, kuma an rabu da Dijkstra lafiya a gidan wankansa lokacin da aka je ɗauko Philippa. A wannan wurin akwai layin da ke cewa a ture shi gefe da ƙarfi. Wanda ya danna zai ga Geralt ya kai masa naushi ya karya masa ƙafa. Daga nan ƙofar ta rufe, Radovid ya rayu ya ci yaƙi, Ciri ba za ta hau karaga ba. Wannan layi ya yi suna a tsakanin masu wasan a matsayin misalin rubutun da ya yaudari mai karatu, kuma illarsa ta wuce Dijkstra, ta taɓa makomar nahiya da ta yarinyar da ba ta ma cikin ɗakin.

Yana da amfani a ajiye wannan kusa da abin da kamfanin Larian na Beljiyam ya yi a Baldur's Gate 3 a 2023. A babi na biyu Shadowheart, abokiyar tafiyar mai wasa, tana tsaye da mashi a kan wata fursuna da ake kira Nightsong, wadda allahiyarta Shar ta umarce ta ta kashe. Mai wasa na iya tunzura ta, yana iya ƙoƙarin shawo kanta da jifan ɗan lido, yana kuma iya ja da baya ya bar ta ta yanke. Idan ya bar ta, abin da ya gudana tsakaninsu a baya ne ke nuna inda za ta karkata, kuma tana iya jefar da mashin da kanta. Bambancin shi ne a nan mai wasa ya san lokacin ya zo, kuma sakin linzamin zaɓi ne da ya yi da saninsa. A hasumiyar Undvik ba a ba shi linzamin ba balle ya saka. Hanyar Larian ta fi adalci ga mai wasa. Hanyar CD Projekt Red ta fi ƙarfafa Ciri, domin babu wata ƙwarewar baki ko sa'ar jifa da za ta juya ta, kuma a labarin uba da 'yar da ta girma, wannan ya fi dacewa.

Sai batun abin da ke biyo baya. Ƙarin labarin Blood and Wine na 2016 ya girmama sakamakon: idan Ciri tana raye kuma Geralt bai ƙare da ɗaya daga cikin masoyansa biyu, Yennefer ko Triss, ba, ita ce ke kawo masa ziyara a gonar inabinsa ta Corvo Bianco, kuma hirarsu tana bin hanyar da ta ɗauka, ta farauta ko ta fada. Fitowa ɗaya ce, don haka ana iya rubuta ta sau biyu. Cikakken wasa ba ya rubutuwa haka. A Disambar 2024 kamfanin ya sanar da The Witcher 4 da Ciri a matsayin jarumar da za a sarrafa, tana aikin farautar dodanni. Wanda ya bar ta a hanyar fadar Nilfgaard, da wanda ya bar Geralt a bukkar fadama, dole a gina musu gadar da za ta kawo su wannan wuri. Sannan matsalar rubutun za ta juya baki: Ciri da aka ƙarfafa ta hanyar hana mai wasa yanke mata hukunci, yanzu shi ne zai riƙa zaɓa mata kowace kalma.